Minti Biyar Kafin Allura

Akwai wata tsohuwar nas da takan ba sababbin ma'aikata wannan misalin. Matar wani manomin albasa ce ta kawo mijinta sashen gaggawa da hantsi. Fartanya ta sare shi a ƙafa kwana shida da suka wuce, ciwon ya ci ruwa. Jikinsa zafi zau, hannuwansa sanyi ƙalau, yana kallonta bai gane ta ba. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini, dole a yi masa allura cikin sa'ar nan, amma a fara ɗibar jini a kwalba a kai ɗakin gwaji don a san wace ƙwaya ce. Aikin minti biyar ne. Ita kuwa shekara ta gani. Ta durƙusa ta riƙe bakin rigar likitan tana cewa, "Likita, don girman Allah a bar jinin nan, ba shi da na bayarwa. A yi masa babbar allurar." Likitan sabo ne, tausayi ya kama shi. Ya ɗauko magani mafi ƙarfi ya zuba a jijiya, sai daga baya aka ɗebi jinin.

Mijin ya farfaɗo, amma maganin ya riga ya shafe sawun cutar. Kwana uku ana jiran kwalba, ba ta nuna komai ba. Tunda ba a san ƙwayar ba, babu wanda ya iya sauko da shi zuwa ƙaramin magani. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, ana ta lalube, a cire wannan a sa wancan. Matar tana zaune tana yi masa fifita ta ga an sallami mahaucin gadon gefe a kwana na shida, shi da aka kawo cikin irin wannan hali amma aka ɗebi jininsa kafin allura. Su kuwa sai da suka yi sati uku. Albasa ta ruɓe a fadama, babbar allurar kuma ta taɓa wa mijin kunnuwa. Mutumin da ko a tsakiyar kasuwa yakan tsinci muryarta, yanzu sai ta matso ta dafa kafaɗarsa kafin ya juyo. Bai taɓa ɗora mata laifi ba, ita ce dai ba ta manta ba.

A nan nas ɗin takan ce: Hausawa sun yi gaskiya, sauri ya haifi nawa.