Allon da Ke Mutuwa Bayan Azahar

"Babu allo." Amsar da kwamfutar ta sake buga masa a takarda ke nan, alhali ga allon nan bisa tebur, baƙi ƙirin.

A cikin ma'aikatan ofishin gona na Gummi, shi kaɗai ya yi kwas ɗin kwamfuta. Ya rubuta umarnin da ke tambayar na'urar yadda aka saita allon, saurinsa da faɗin layinsa. Da safe ta amsa tiryan-tiryan, bayan azahar ta ce ba ta san zancen ba. Ya goge, ya sake rubutawa, har ya koma zagin ƙarfe.

"Wanga abu ya ishe ni," in ji manaja. "Gobe shi koma Sakkwato, kai ko ka koma ga tafireta."

"Ranka shi daɗe, umurnin daidai shike!"

Manaja ya fice.

Aka kira la'asar. Ma'aikacin ya shimfiɗa darduma a gurbin teburin, wanda yake turewa daga bango kullum da azahar don ya yi salla, mai shara ya mayar da shi jikin bango da safe. Yana ɗagowa daga sujada, sai ga kan wayar allon ya zare daga bango, yana lilo daidai goshinsa. Ashe ture teburin ke zare shi, mai shara ya sake soka shi da safe.