Karcen Jikin Motar Mahadi

Sai da Mahadi ya cinye sanfefa ta uku, takardar gugar nan mai kaushi, kafin ya yarda cewa karcen ya wuce fenti, ya wuce farin shafen da ke ƙarƙashinsa, ya taɓa ƙarfe. Wanda ya yi wannan aiki bai yi shi da gaggawa ba. Layi uku-uku ne a kowace ƙofa, gajeru kamar tsawon yatsa, ƙasa da mariƙi, kuma an cusa wani baƙin abu a ciki kamar toka da mai.

Shekara ashirin yana gyaran fentin motocin mutane a bayan tashar Funtua, ya ga aikin maƙiya kala-kala: na ƙusa, na mabuɗi, na dutse. Nasu dogo ne, a karkace, domin mai yi yana waiwaye. Wannan kuwa a natse aka yi shi, mutum ya tsuguna ya ɓata lokacinsa. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Motarsa ce ta farko, tsohuwa ce amma shuɗiya fes, shi da kansa ya fesa ta. Da ita ya je ƙauyensu kusa da Tsiga, bayan shekara shida bai leƙa ba. Mutanen gidansu manoma ne masu riƙe da addinin kakanni. Tun da ya musulunta ya ajiye sunan Tanimu, magana tsakaninsu ta zama gaisuwa kawai. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya ce ya zauna.

Ranar ya ajiye motar a gindin ɗorawa, ya bi yayansa Maikuɗi gona duba masara. Maikuɗi ya dawo gida ya bar shi can yana gaisawa da maƙwabta. Da la'asar Mahadi ya iso ya tarar da ɓarnar. Bai tambayi kowa ba. Me zai tambaya? Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Tsohuwa, tana zaune bakin murhu tana goge hannu da gefen zane. Ta ɗago za ta yi magana, ya ce mata ya gane saƙon, ba za su ƙara ganin ƙafarsa ba. Ya ja mota ya bar musu ƙura.

Yanzu kwana goma sha ɗaya ke nan. Aikin da zai yi wa wani a kwana biyu, nasa ya ƙi ƙarewa. Ya kankare baƙin abin da tsinken waya, ya wanke da fetur, ya kwaɓa fila ya cike ramukan. Damina ce, filar ta ƙi bushewa da wuri, sai ya zauna kan tsohuwar taya yana kallonta. Ba mata gare shi ba, ba ɗa; ɗaki ɗaya ne a bayan rumfar aikinsa, da rediyo, da buta. Mai abincin da ke kawo masa shinkafa ma ajiyewa take yi ta wuce.

Waya kam ta yi ƙara har ta gaji. Maikuɗi ya kira, ƙanwarsu Laraba ta kira da lambar mijinta. Mahadi ya kife wayar a kan gwangwanin fenti. Haƙuri za su ba shi, shi kuwa ba ya so. In an matsa masa zai ce fushi yake yi, amma gaskiyar ita ce kewa ta ishe shi, kuma yana jin kunyar ya je da murna an yi masa haka.

Ya goge filar da ruwa da sanfefa mai laushi har yatsa ya daina jin gaɓa. Ya fesa farin shafe, ya sake gogewa. Haɗa launin ya ba shi wahala, shuɗin ya yi ta fita ko ya yi duhu ko ya yi haske, har sai gwaji na biyar. Ranar da ya cire takardun da ya rufe gilasai da su, ko shi da ya yi aikin bai iya nuna inda karcen yake ba. Ya tsaya yana jiran daɗi ya zo, bai zo ba.

Da hantsi keke mai ƙafa uku ya sauke Laraba a bakin rumfar. Ba ta ko yi sallama ba.

“Yaya Tanimu, wace irin zuciya ce da kai? Tsohuwa ta rasu shekaranjiya. Mun kira, mun kira.”

Ƙyallen da ke hannunsa ya faɗi. Ya nemi tayar nan ya zauna. Ya ce, “Da Maikuɗi bai yi mini abin da ya yi ba, da ina kusa.”

“Me Maikuɗi ya yi maka?”

Ya nuna motar da haɓa. Laraba ta matsa, ta tsuguna, ta shafa ƙasan mariƙin ƙofa. Ta zagaya ta shafa ta biyu, ta uku, ta huɗu. Sumul. Sai ta ɗora hannu a ka.

“Wayyo, ka goge! Tsohuwa ce fa. Ta ce hanyar Funtua tana cin mutane, kuma ta san ba za ka yarda ta taɓa jikinka ba yanzu. Shi ne ta yi wa motar tsagar tsari, ta shafe ta da ragowar maganin da aka sa maka a ƙirji kana jariri.”