Daɓen da Ya Ƙi Bushewa

Mai fenti ya durƙusa, ya ɓare ledar da ya manna a tsakiyar daɓen tun jiya, ya ɗaga ta. Cikinta duk gumi, kamar murfin tukunya.

"Da saura," in ji shi.

Ɗakin Inna ne, mai kallon titi, inda ta shekara arba'in tana amsa gaisuwar masu wucewa ta taga. Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Yaya, shi ya gano cewa tsohuwa ba taga take buƙata ba, hutu take buƙata. Cikin ikon Allah kuma sai aka duba gidan kaf, babu inda hutu yake sai ɗan ɗakin baya, jikin janareto. A makon ne kuma, ba shiri, wani mai kemis ya ce yana son ɗakin titin ya yi shago. Sharaɗinsa ɗaya: a zuba wa daɓen fentin nan mai sheƙi da ake kira efoksi kafin wata ya ƙare, in ba haka ba ya nemi wani wuri.

Yaya ba a yi masa musu. Tun rasuwar mahaifinsu, ko tari ya yi sai a ce gaskiya ne. Ya ɗora aikin a kan Auta, Auta kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Da kansa ya kinkimi gadon uwarsa zuwa baya, har yana fito. Matan layin suka ce lallai Inna ta haifi abin arziki.

Tun ranar farko mai fenti ya yi bayani. Fentin nan ba ya shiri da danshi. In aka zuba shi a kan simintin da ke riƙe da ruwa, kumbura zai yi ya saɓule kamar fatar ƙuna. Don haka ake manna leda ta kwana. In ta wayi gari a bushe, sai a zuba. Auta ya yi ta jero tambayoyi, har mai fenti ya ce, "Malam, ko sana'ar tawa za ka ƙwace?"

Kwana bakwai leda na gumi. Aka kawo fanka uku. Aka jera kaskon gawayi, gida ya turnuƙe, leda ta ci gaba da abinta. Aka kira mai gyaran famfo, ya fasa bango biyu, ya tabbatar wa kowa cewa bututan ruwan lafiyarsu ƙalau kafin ya fasa su. Aka zargi kwatar maƙwabci, gaisuwar shekara ashirin ta mutu a wuni ɗaya.

Daga nan ido ya koma kan Inna, wadda sai an kama ta take miƙewa.

"Inna, tsakaninki da Allah, ba kya leƙa ɗakin nan?" in ji Yaya.

"Ina leƙawa mana," ta ce, tana jan carbinta. "Kullum nakan tashi sama in shiga ta rufi."

Auta ya nuna bai yarda da kowa ba. Ya sayo sabon kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa kamar laya. Kafin gari ya waye ya riga kowa zuwa duba ɗakin, ya fito yana salati, yana cewa wannan siminti sai ya ga bayansa. Mai fenti dai ƙorafinsa ɗaya, salatif ɗin zamani ba shi da riƙo, kullum sai ya tarar gefen ledar ya saki.

Saura kwana biyu wa'adin mai kemis ya cika, Yaya ya ce a zuba haka nan.

"A zuba?" Auta ya daka tsalle. "Ya kumbura, mai kemis ya ce mun cuce shi, sunanka ya ɓaci a gari? Wallahi Yaya, ba da ni ba."

Yaya ya ji an ambaci sunansa, ya janye maganar.

Wata ya ƙare. Mai kemis ya kama shago a wani layin. Mai fenti ya kwashe bokitansa ko buɗe su bai yi ba. Yaya ya sanar cewa dama shi tun farko hankalinsa bai kwanta da raba tsohuwa da ɗakinta ba, kowa ya ce gaskiya ne.

Auta ya sake kinkimo gadon, fuska a murtuke, yana mitar wahalar banza. Inna ta zauna a bakin tagarta, ta jira har sawun Yaya ya yi nisa, sannan ta gyara mayafi.

"To Auta, Allah ya yi maka albarka," ta ce a hankali. "Daga gobe sai ka koma yin alwalar asuba a bakin famfo kamar sauran mutane, ɗakina ya sha ruwa haka nan."