Gonar gado da kwalbar man gyaɗa

Nafi'u, angona, na ji labarin bashin kekunan ɗinki da kuka ci kai da matarka Zulai. Na kuma ji ka hana ta sa hannu a biya, wai kai namiji ne. To, kawo kunnenka in ba ka misali, in ka ga dama ka ji haushina.

An yi wani manomi da matarsa mai ƙuli-ƙuli a wani ƙauye. Suka yi shawara suka karɓi injin markaɗe bashi a hannun wani ɗan kasuwa, da sunansu su biyu, don ita ta huta da aika gyaɗa garin gaba, shi kuma ya sami abin yi da rani. Injin bai shekara ba ya ƙone, mai gyara ya ce ba ya tasuwa. Inji ya mutu, bashi kuwa yana nan da ransa. Matar ta kwance bakin zaninta ta ce ga ɗan abin da take samu, a fara ragewa. Mijin ya ce Allah ya kiyaye a ji a majalisa cewa kuɗin mace ne ya fid da shi kunya, shi da ko ƙuli-ƙulinta zai ci sai ya saya. Ya aika wa mai bashi ya jira kaka, zai biya a dunƙule kamar yadda maza suke yi. Kaka ta zo, ashe ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba. Ya ce a jira ta baɗi. Ta baɗin ma tsuntsaye suka riga shi girbi. Bawan Allahn nan ya koma in ya hango ɗan kasuwar sai ya sake hanya, har masallacin da yake salla ya canza. Da mai bashi ya gaji sai ya aiko cewa tunda babu kuɗi, a ba shi gonar bayan gari jingina. Gonar nan kuwa uban manomin ne ya sare ta da hannunsa, daga cikinta gidan yake ci.

Matar ba ta yi kuka ba, ba ta yi yaji ba. Ta kai masa tuwo, ta bari ya ci ya wanke hannu, sannan ta ce, “Malam, ranar da aka karɓi injin nan har da bakina aka karɓa. In gonar ta tafi, ni da yaran nan ne za mu kwana da yunwa, ba 'yan majalisarku ba. Gobe sai wurin mai unguwa.”

Washegari ya bi ta, don ya san ba ƙarya ta yi ba. A zauren mai unguwa, gaban liman da yayan matar, aka raba bashin gida biyu. Duk ranar kasuwa ita za ta ba da kuɗin kwalbar man gyaɗa, shi kuɗin itacen da jakinsa ya ɗauko, a damƙa wa mai unguwa ya miƙa. Ba mai sake cin wani bashi a ɓoye wa ɗan'uwansa, gona kuma ba mai taɓa ta muddin ba su saɓa ba. Ɗan kasuwa ya yi tsaki, ya ce yaushe kwalba za ta biya inji. Mai unguwa ya tambaye shi, a zaman jiran dunƙulen da ya yi, nawa ya shiga aljihunsa? Nan ya amince, aka shafa fatiha.

'Yan majalisa suka sa wa manomin suna mijin mai ƙuli. Ya toshe kunne ya ci gaba da saran itace. Da damina ciwon kurkunu ya kwantar da shi, matar ta ninka suyar gyaɗa har tafin hannunta ya tsage, ta riƙa biyan rabonta da nasa. Ta kuma gaya masa gaban yayanta cewa rance ne, kada ya ɗauka kyauta ce. Da ta haihu tana wankan jego, shi ya ɗauki rabon biyu, ta haka ya biya ta. Wata ranar da man tuwon gidan suke cikawa, su ci miya fara, amma kasuwa ba ta taɓa ci ta watse ba su kai ba. An daɗe, ba zan ɓoye maka ba, har jaririn nan ya fara gudu kafin mai unguwa ya kira su ya ce sun gama, liman ya yi shaida. Gonar tana hannunsu, jikokinsu ne suke nomanta.

Saboda haka ka sauke girman kan nan, ka kira Zulai ku zauna, ku nemi dattijo biyu, ku yanka abin da kowa zai iya, ku tsaya a kai ko ana ha maza ha mata. Ba kai ka fara zama namiji a duniya ba, kuma tun kafin a haife ka Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.