Ranar da Baba Ya Kwance Injin Motarsa

Kanikawan Azare duk sun ƙi taɓa tsohuwar motar Baba, wai injinta ba irin wanda suka saba ba ne, ba fistin a ciki. Da ta fara hayaƙi, sai ya ce shi zai gyara abarsa. Wata rana bayan azahar ya shimfiɗa buhuna a tsakar gida, ya kwance injin, ya zaro wani ƙarfe mai kusurwa uku. Ina 'yar shekara tara a lokacin. Ya miƙo min kwanon miyar Umma cike da fetur, da wasu siraran ƙarafa a ciki.

"Ki riƙe da kyau. In ɗaya ya ɓata, motar ta mutu."

Warin fetur yana hawa min kai, na ƙosa in tafi wasa. Umma kuwa tana da tsohon ciki, ta kasa zama. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta dafa bango. Can ta ce a hankali, "Malam, yaushe za ka mayar da shi?"

"Jibi, in Allah ya so."

"Abin ya taso. Ba zan kai jibi ba."

Baba ya dubi ƙarafan da ke baje a ƙasa, ya dube ta. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ya fita a guje ba takalmi, neman motar maƙwabci. Aka tafi asibiti, aka bar ni tsaye da kwano a hannu.

Ƙanena ya zo lafiya kafin magariba. Yau na girmi Baban wancan yammacin, kuma sai yanzu nake jin tausayinsa.