Tukunyar Da Ta Ƙi Buɗuwa

Farfesun ya nuna tun ɗazu, ƙamshinsa har zaure, amma tukunyar ta ce ba za ta buɗe ba.

Hajiya Tabawa ta tsaya a kanta riƙe da ƙugu. Tukunyar lantarki ce mai ɗan allo a goshi. Autanta Uzairu ya shigo da ita gidansu na Dutse Uku watan jiya, ko kwali babu, yana ta washe baki. Kafin ta dafa ruwan zafi sai an haɗa ta da waya. Sai ta tambaya mutum nawa za su ci, da shekarunsu, da ko akwai mai hawan jini, kamar wata likita. Yau kuma, da nama a cikinta, ta kulle murfi ta rubuta cewa tana sabunta manhaja, a jira. Ga shi sabis ya ɗauke.

A falo kuwa gwaggwannin Rahma ne zaune, yarinyar da Uzairu yake nema. Daga Laranto suka zo, wai gaisuwa, amma kowa ya san gidan suka zo gani. Abin da suka koma suka faɗa shi zai sa a ba shi ko a hana shi. An sha ruwa, an sha lemo, hira ta ƙare, har babbar cikinsu ta fara gyara mayafi.

Uzairu ya bar kwamfutar da yake wuni a kanta a ɗaki, ya zo ya durƙusa gaban tukunyar yana latse-latse. Duk sanyin Jos, gumi yake.

"Mama, tsaro ne. Don kada tururi ya ƙona mutum aka yi haka."

"Tsaron uban wa? Tun kafin a haife ka nake buɗe tukunya, ga hannuna nan lafiya lau."

Ta cire wayar wutar daga bango, murfi ko gezau. Ta zura cokali ta gefe, cokalin ya lanƙwashe. Tukunyar ta yi wani ɗan kiɗa mai daɗi, ta nemi a ba ta taurari biyar na yabo.

Nan ran Hajiya ya gama ɓaci. Ita dai ta tabbata wanda ya tsara wannan shirme bai taɓa dafa ko ƙwai ba. Wani sangartacce ne da ake kai wa abinci har ɗaki, ya ci ya ture kwano, bai san kunyar baƙo ba.

Daga falo aka ɗaga murya: "Hajiya, mu za mu koma."

Hajiya ba mai yawan yin baki ba ce, unguwa ta shaida, domin ta san nata ba ya faɗuwa ƙasa. Amma yau ta ɗaga hannu sama, muryarta har falo.

"Ko wane ne ya tsara wannan abu, Allah ya isa. Yadda ya hana baƙina abin da suka zauna jira, shi ma abin da yake nema Allah ya..."

Uzairu ya yi wurgi da wayar hannunsa ya rungume ƙafafunta, daidai lokacin da baƙin suka leƙo ƙofar kicin.

"Mama, don Allah kada ki ƙarasa. Ni na rubuta manhajar."