Mai Aski da Ƙwayar Mako-Mako

Wata uku ke nan mai aski ya kasa zama wuri ɗaya. Bayan hannunsa da gwiwar hannu da ƙeya duk sun yi ja, sun yi farin ɓawo, in ya sosa ya zubo kamar dusa. Ya share shago, ya leƙa titi, ya dawo ya sake sharewa. Mutum zai zauna, ya ga garin fata ya sauka a ƙyallen da aka yafa masa, sai ya tuna wani uzuri ya fice da rabin kai. Ga sabon shagon aski an buɗe a tsallaken titi.

A asibiti likita ta ce soriyasis ne, ba a ɗauka, garkuwar jikinsa ce ta juya tana faɗa da fatarsa. Ta rubuta masa ƙwayar da ke kwantar da garkuwar, ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Sau ɗaya a mako, rana guda tak. Ka riƙa zuwa gwajin jini. Sauƙin sai an yi makonni."

Ni da nake ba ku labarin nan kawunsa ne, kuma ciwon nan na riga shi saninsa. Shekarata goma sha tara ina shan ƙwayar. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta sai an ce mini nawa ne, amma ban taɓa ƙari ko ragi ba. Motar shara sau ɗaya take zuwa layinmu a mako. Ta yi hon, in haɗiye tawa. Likitoci huɗu na ƙarar a asibitin nan, ni ina nan daram.

"Kawu, wato kai da shara kuke shan magani?" in ji shi, yana dariya yana susa.

"Mu ne dai muka kai yau, ɗan nan."

Mako biyu ya sha yadda aka ce, bai ga canji ba. Na je aski na tarar yana ta kai-komo da inji a hannu.

"Kawu, kan da gashi ya yi wa yawa ai ba bi ɗaya ake yi masa ba. Abin da zai yi aiki a wata biyu, in aka sha kullum mako guda ya gama. Kai ba ka yi makaranta ba ne."

"Jini ba gashi ba ne. Kul!"

Ya ce wasa yake yi. Ashe ya riga ya kai ƙwayar durowar da yake ajiye reza, kowace safiya in ya buɗe shago sai ya haɗiye rabon mako guda. Ranar gwajin jini ta zo ya ƙi zuwa, wai in ya rufe na tsallake zai kwashe mutane.

Kwana tara bakinsa ya fashe, ko ruwa ba ya wucewa. Zazzaɓi ya rufe shi, dasashi yana jini, ɓawon nan ya koma gyambo. Matarsa ta zo gidana ba ko takalmi.

"Kawu, ko zazzaɓin cizon sauro ne?"

Na wuce shago na ja durowa. Ƙwayar wata uku da aka ba shi, saura ta mako biyu.

Muka kwashe shi zuwa asibiti. Likita ta ce maganin ya share masu tsaron jininsa, ƙaramin ciwo ma yanzu ya fi ƙarfinsa. Sun yi iya yinsu. Ya riƙe hannuna, da ƙyar na ji abin da yake faɗa.

"Kawu, an buɗe shago?"

Kwana biyar ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata da 'ya'ya biyu.

Washegarin jana'iza motar shara ta yi hon. Na daɗe riƙe da ƙwayata a tafin hannu kafin ta wuce maƙogwaro.

Jama'a, maganin da aka ce na mako ne, na mako ne. Ƙari ba ya gaggauta sauƙi, kisa yake yi. Ku je gwajin jini, kuma in baki ya fashe ko zazzaɓi ya zo kuna kan irin wannan magani, ku ruga asibiti a ranar.